Ina Wurin Zama?

Mahaifinta ne ya laƙaba mata Sakan tun tana 'yar shekara huɗu. Shi mai gyaran agogo ne, ya ce a cikin hannayen agogo uku, na awa da na minti da na sakan, babu wanda ta ɗauko sai siririn nan da ba ya tsayawa. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan aure, ya bi ta har ofishin zanen gine-gine inda yanzu mutum biyar ke aiki a ƙarƙashinta. Kuma tsakani da Allah sunan bai zalunce ta ba. A tsaye take karyawa, a tsaye take amsa waya, in ta je gaida Baba kuwa makullin mota na hannunta tana kaɗa shi tun daga sallama har ban kwana.

A shekarar da nake ba ku labari, an fitar da sabuwar unguwa a gefen gari, inda da can manyan motoci ke kwana. Hukuma ta yanka tituna, ta raba filaye, ta gindaya sharaɗi ɗaya: kowane gini ya haɗa gidaje da wuraren sana'a, don kada mutum ya hau mota kafin ya sayi allura. Ofishin su Sakan ya samu aikin zana ginin da wani mai fili zai yi a kan kwana. Bene hawa shida za a yi, shaguna goma sha biyu a ƙasa, ofisoshi a hawa na ɗaya, gidaje arba'in daga nan zuwa sama.

Ba ta taɓa son wani aiki kamar wannan ba. Ta san inda hayaƙin gidan burodi zai fita ba tare da ya leƙa tagar kowa ba. Ta raba bututun ruwan shaguna da na gidaje, ta kaurara bangon da ke tsakanin shagon tela da matakala don ƙarar keke, ta mayar da wurin sauke kaya baya inda babu yara. Ƙofar masu gidaje ma can baya ta kai ta, ta ce mai dawowa gida a gajiye ba ya son cuɗanya da masu ciniki. Gaban ginin kuwa gilashi ne tun daga sama har ƙasa, sumul, ko ƙuda ba shi da wurin sauka.

Ita da maigidanta, wanda malamin makaranta ne, sun riga sun kama gida ɗaya a ciki. Ɗaki huɗu ne, kuma na huɗun na Baba ne, ko da yake Baban bai ce ya yarda ba.

Tun rasuwar Mama yake zaune shi kaɗai a ɗan ɗakin da ke bayan tsohon shagonsa. Ido ya yi rauni, ya daina gyara, shagon ma wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. A daminar bara santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya yi awa biyu a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji kiransa. Tun daga ranar hankalin Sakan bai sake kwanciya ba. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta turo maigidanta ya yi nasa. Baba ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Ki kawo ginin in gani tukuna."

Ta kai masa. Akwai ɗan ginin kwali da suka haɗa a ofis, komai da komai a jikinsa har da 'yan bishiyoyi na soso. Ta ɗauko shi daga bayan mota ta dire a kan bencin da Baba ke zama a ƙofar shago. Ya zaro gilashinsa na ido ɗaya, wanda ya yi shekara arba'in yana leƙa cikin agogo da shi, ya manna, ya sunkuya. Ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa matakala, ya taɓa ginshiƙi da farce.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Babu haƙorin da bai shiga ɗan'uwansa ba."

Sakan ta ji daɗi har cikin ranta, don Baba ba ya yabo haka kawai.

"To, ina wurin zama?"

"Ga su nan, Baba. Daga nan zuwa sama duk su ne, guda arba'in. Namu ga shi a hawa na biyar. Wannan tagar taka ce, kana hango gari kaf."

Ya dube ta, ya dubi kwalin, ya cire gilashin ya mayar aljihu.

"To," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Ta san wannan "to" ɗin sarai. Shi ne wanda yake yi wa mai agogon da ya zo yana koya masa gyara.

A hanya ta warware matsalar, don ita ba ta barin matsala ta kwana. Tsawo ne. Wane tsoho ne zai so hawa na biyar, ko da akwai lif mai hawa da mutane sama? Washegari ta sauko da gidansu hawa na biyu, ta sake kai masa kwalin. Baba ya manna gilashi, ya duba, ya yi tambayarsa ta jiya, ya samu amsa irin ta jiya, ya yi "to" ɗinsa. Sai ta ce lalle ɗakin ne ya yi masa ƙanƙanta. Ta ture bango, ta ƙara masa baranda, ta sa ƙarfen dafawa a banɗaki.

Injiniyan da ke lissafa mata rodi da kankare, wani mai tumbi da son barkwanci, ya dafe kai da ya ga sabon zanen.

"Malama, don girman Allah, duk ranar da za ki gaida Baba ki riƙa sanar da ni, in ɗaure ginshiƙaina. Kin je sau biyu, bango uku ya tashi daga wurinsa."

Maigidanta shi ma bai bar ta ba. Ya ce, "Kin tabbata kin ji tambayar? Ɗalibaina ma haka suke yi mini, ina tambayar gabas suna cika takarda da yamma."

"Hausa fa yake yi, ba wani yare ba," ta ce, ta suri jakarta.

Zuwa na uku ya faɗo ranar Litinin, saura kwana huɗu a miƙa wa hukuma zane, kuma in an miƙa an gama. Ta nuna masa barandar, ta nuna masa ƙarfen banɗaki. Ya yi tambayarsa. A wannan karon ranta ya ɓaci, ta ji ƙwalla na neman zubowa, ta ce a zuciyarta ashe Baba ba ya son zama da su ne kawai yake kewaye-kewaye. Ta yi masa sallama a gajarce ta shiga mota. Motar ta ce ba ta san zancen ba. Ta murɗa makulli sau biyar, ko tari ba ta yi ba. Bakaniken da ta kira ya ce yana wani aiki, ta ba shi awa biyu.

Awa biyu! Sakan ta fito tana safa da marwa a gaban shagon, waya a kunne. Da ta gama waya, babu abin yi sai kallo.

Baba na kan bencinsa, ya jingina da bango, ƙafafunsa a ƙasa. Mai kai wasiƙu ya tsaya suka gaisa. Wata malamar asibiti ta wuce da sauri ta ce, "Baba, ƙarfe nawa?" alhali ga waya a hannunta, ya duba agogonsa ya gaya mata har da minti. Wani dattijo ya zo ya zauna, ba su ce wa juna komai ba na tsawon lokaci, ya tashi ya ce ya gode da hira. Mai gyaran waya ya leƙo ya ce zai je ya dawo, a duba masa shago. Sakan ta yi shekaru tana zuwa nan, ba ta taɓa daɗewar da za ta ga wannan ba.

Can sai ga wata mata ta taho da jakunkuna biyu masu nauyi, tana haki. Ta tsaya a gaban bencin ta sauke su.

"Sannu Baba. Akwai wurin zama?"

"Akwai mana," ya ce, ya ja kwalin ginin ya ɗora a cinya, ya matsa gefe.

Sakan ta tsaya cak. Ta dubi matar da ke sauke numfashi, ta dubi kwalin da ke cinyar Baba da gabansa mai sulɓi. A ofishinsu kalmar nan tana kan kowace takarda, an buga ta da manyan baƙaƙe: shaguna goma sha biyu, wuraren zama arba'in. Ta rubuta ta sau dubu har ta manta tana da wata ma'ana. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Da matar ta tafi, ta matso.

"Baba, dama wannan kake nufi?"

"Me kuma zan nufa? Sau uku ina tambayarki wurin zama, sau uku kina nuna mini wurin kwana."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Yaushe? Kafin in haɗiye yawu kin kai bakin titi." Ya ɗaga kwalin ya juya shi. "Duba nan. Kin yi wurin shiga, kin yi wurin fita, kin yi wurin saye, kin yi wurin kwana. Har mota kin yi mata wurin hutawa, da inuwarta. Mutum fa? In kin kai ni can, zan tashi da safe in yi wanka in sa riga, sannan in je ina? Barandar nan ko tsuntsu sai ya ga dama zai gaishe ni. Ginin ya yi kyau, Sakan, amma ke ya ɗauko."

Dariya ta ƙwace mata, da ƙwallar da ta maƙale tun ɗazu. Ashe ba su yake gudu ba. Ta buɗe jaka ta ciro tef ɗin awo da ɗan littafi.

"To koya mini."

Baba ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce wurin zama dole ya kasance da abin jingina, in ba haka ba wurin jira ne. Ƙafa ta taɓa ƙasa sosai, kada ta yi lilo. Ya kasance kusa da ƙofar da mutane ke shiga gidajensu, don mai ciniki yau ka gan shi gobe ba ka gan shi ba, amma mai gida dole ya wuce ka safe da yamma. Kada ya tare hanya har a riƙa taka maka yatsu, kada kuma ya ɓuya har a wuce ba a gan ka ba. Sannan inuwa. Ta durƙusa ta auna daga bayan gwiwarsa zuwa ƙasa, santimita arba'in da uku. Bakanike ya zo ya same ta a durƙushe tana auna ƙafar tsoho, ya yi sallama ya kawar da kai.

Maganar inuwa Baba ya ce a bar masa. Ya riƙe kwalin, washegari ya sa ta nuna masa inda gabas take a filin, ya ajiye shi a rana daidai yadda ginin zai fuskanta. Duk awa ɗaya ya duba agogo ya ja layi da fensir inda inuwa ta tsaya. Kwamfutar ofis za ta fitar da wannan kafin a ƙifta ido, kuma ta fitar, amma Sakan ba ta gaya masa ba. Da ta gwada layukansa da na kwamfutar, bambancin bai kai kaurin fensir ba.

Saura Injiniya da mai ginin.

Injiniya ya yi wata uku yana roƙonta ta ɗaga gindin bangon gaba, ya ce gilashi har ƙasa kyau ne a takarda, amma ruwan sama zai fantsama, masu babur kuma za su jingina. Ita ce ta ƙi, ta ce zai ɓata mata fuskar gini. Yanzu ta same shi a teburinsa da murmushi.

"Wannan kariyar da ka daɗe kana nema, na amince."

Ya ajiye biro ya ƙare mata kallo. "Lafiya?"

"Tsawo arba'in da uku, faɗi arba'in da biyar. A samanta kuma a fito da rumfa. Ƙofar masu gidaje ta dawo gaba, tsakanin gidan burodi da shagon magani."

"Kariya ba ta buƙatar faɗi arba'in da biyar."

"Wannan tana buƙata."

Ya jawo zanen ya duba, sai ya bushe da dariya har tumbinsa na rawa. "Malama, dakali kika zana! Mun yi karatu shekara da shekaru mun dawo kan dakali. Kin je gaida Baba, ko?" Ya share ido ya ɗauki biro. Ƙofar ce ta wahalar da su, don sai da matakala ta juya gaba ɗaya, suka yi yini biyu cur a kanta. Bai yi gunaguni ba ko sau ɗaya.

Mai ginin ɗan kasuwa ne, idonsa a buɗe yake. Ranar Alhamis ya shimfiɗa zanen a teburinsa, yatsansa ya tafi kai tsaye kan sabon layin.

"Wannan fa?"

Injiniya ya kawo maganar ruwa da babura, kuma duk gaskiya ce. Mai ginin ya saurara yana gyaɗa kai.

"Na ji. Amma mutane za su zauna a kai."

"Za su zauna, ranka ya daɗe," in ji Sakan. "Don haka ma na yi shi."

Injiniya ya yi tari ya dubi rufi.

"Ni ba na son 'yan zaman kashe wando a gaban ginina," in ji mai ginin. "Su tare gilashi, su cika wuri da surutu."

"Inda aka jera kaya a gilashi na bar shi a buɗe. Wurin zaman yana jikin ginshiƙai ne da gefen ƙofa. Ranka ya daɗe, in tambaye ka mana. In uwargida ta shiga shago, kai ina kake jira?"

"A mota."

"Minti nawa kafin ka fara danna oda?"

Ya murmusa ba da son ransa ba. "Goma. Jiya ma da kaya a hannu ta ajiye ta fito tana faɗa."

"Mai shagon bai ji daɗinka ba jiya."

Ya sake duba zanen, ya daɗe. Ya soke na gefen yamma, ya ce can hanyar motoci ce, kuma yana da gaskiya. Na gabas da na bakin ƙofa ya bari. Ranar Juma'a da safe aka miƙa zane.

Ginin ya ci shekara biyu da 'yan watanni. An sha fama da ruwan sama, an sha fama da birkiloli, Injiniya ya rame ya sake mayarwa. Ranar da za a zuba kankaren dakalin, Sakan ta zo da kanta ta tsaya a kan masu aiki da tef a hannu, har babbansu ya ce bai taɓa ganin an tsare gindin bango haka ba, sai ka ce nan ne kan ginin. Baba bai taɓa cewa "na yarda" ba. Sai dai wata rana ta tarar ya fara naɗe tsoffin agogunansa a jarida yana jerawa a kwali.

Da hantsi suka iso ranar ƙaura. Unguwar ta riga ta fara motsi, gidan burodi ya buɗe, tela ya kafa kekensa, an shanya tufafi a barandar hawa na uku. Maigidanta ya wuce sama da masu ɗaukar kaya. Sakan ta buɗe wa Baba mota.

"Mu hau ka ga ɗakinka."

"Ɗaki ba ya guduwa," ya ce.

Ya taka a hankali zuwa gefen ƙofa. Ya shafa kankaren da tafin hannu, ya ɗaga kai ya dubi rumfar, ya duba agogonsa, ya dubi inda inuwa ta tsaya. Sannan ya juya ya zauna. Bayansa ya samu ginshiƙi, ƙafafunsa suka sauka ƙasa daidai. Bai kai ga gyara riga ba mai burodi ya leƙo ya yi masa sannu da zuwa. Wata mata da ta fito daga ƙofar da jariri a kafaɗa ta rage tafiya ta gaishe shi, ya tambaye ta hawa na nawa suke.

Sakan na tsaye tana kaɗa makulli, ido ɗaya a kan masu kaya, tana cewa a yi hankali da madubi. Farin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta sa shi ba, sai ta ƙara yawan umarni.

Baba ya buga tafin hannunsa a kan kankaren da ke gefensa.

"Sakan. Akwai wuri."

"Baba, kaya fa..."

"Mijinki na sama. Zo ki gwada aikinki."

Ta zauna a ɗofane, kamar mai shirin tashi. Sannan bayanta ya samu ginshiƙin. Daga nan titin daban yake da yadda ta san shi a takarda. Tana ganin fuskar duk mai tahowa tun daga kwana, ga ƙamshin burodi, ga ƙarar keken tela can ƙasa-ƙasa. Kafaɗarta na taɓa ta Baba, ta ji yadda ya rame, ta tuna ba ta san rabon da ta zauna kusa da shi haka ba. Ta buɗe jaka ta jefa makullin ciki.

Suka ci gaba da kallon masu wucewa. Can Baba ya ɗaga hannu ya kawo agogon kusa da idonsa.

"Minti huɗu," ya ce. "Ba ki taɓa kaiwa haka ba."

Ta yi dariya har ta share ido da bayan hannu. Daga sama maigidanta ya leƙo ta taga yana tambayar inda za a ajiye kabad.

"Ku ajiye ko'ina," ta ce. "Ina zaune."